Turbar da Take Ratsa Gonar Wani

Tun da muka dawo daga ɗan kwas ɗin da ya kai mu Ingila, mu da wasu abokan aiki daga kwalejin tauhidi, kuna ta tambayarmu labarin Landan. Yau dai labarin ƙauye muka kawo muku, domin abin da ya fi zama mana a rai a can mun same shi ne da ƙafa, a cikin kurmi da gonaki.

Arewa maso yamma da Landan akwai jerin tuddai da ake kira Chilterns. Ba duwatsu ba ne irin na Filato, domin mafi tsayinsu mita 267 ne kawai. Ƙasa ce mai hawa da gangara, da ka sauka wannan kwari sai ka tarar da wani tudu yana jiranka. Ƙarƙashin ƙasar alli ne fari, samansa kuma kurmin wani itace da suke kira bic, mai santsin jiki da launin toka. A ƙarshen Afrilu, lokacin da muka je, shuɗin furanni masu kama da ƙananan ƙararrawa ya rufe gindin itatuwan gaba ɗaya. Sama kuwa jar shirwa ce take shawagi. Da an ƙarar da ita a wannan yanki, sai daga 1989 aka fara sako 'ya'yanta, yawancinsu daga Sifen, yanzu ga ta ko'ina.

Ƙauyen da muka nufa sunansa Chalfont St Giles. Jirgin ƙasa ya sauke mu a garin Amersham, daga nan muka bi kwarin wani rafi mai suna Misbourne, tafiyar kamar mil uku. Rafin daga cikin alli yake tsatsowa, ruwansa garau, kuma a shekarun da ruwan sama ya yi ƙaranci wani sashensa yakan ƙafe, kamar ƙoramunmu da rani.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne hanyar kanta. Turba ce ta ƙafa, kuma takan shiga gonar mutum kai tsaye, ta ratsa tsakiyar alkama ko garken tumaki ta fita ta ɗaya gefen. A bakin shinge akwai 'yar matakalar katako ko ƙaramar ƙofa, da kibiya rawaya mai nuna inda za ka bi. Mai gona ba shi da ikon tare ka, kai ma ba ka da ikon kauce wa turbar ka shiga shukarsa. Dokar 1949 ta sa ƙananan hukumomi su zana waɗannan hanyoyi a taswira. Idan manomi ya bi ta kan turba da garma, wajibi ne ya gyara ta cikin kwana 14. Idan kuma jama'a suka yi shekara 20 suna bin wata hanya a fili ba tare da an hana su ba, doka tana iya ɗaukarta hanyar kowa. Duk wanda ya san yadda gonaki suka cinye burtali a ƙauyukanmu, da irin jinin da aka zubar a kan haka, zai gane dalilin da ya sa muka daɗe a tsaye a bakin shingen farko.

Amma doka ba ta sare ƙaya. A wani wuri kibiya ta nuna mana hanya, taswira ma ta nuna, ƙasa kuwa babu komai sai sarƙaƙiya da wata ciyawa mai harbi da ta sa hannuwanmu ƙaiƙayi har yamma. Haƙƙin bi yana nan a rubuce, sai dai ƙafafu sun daina bi. Inda mutane suke wucewa kullum kuwa, turbar a buɗe take, ko da taɓo ya kai idon sawu.

Su wane ne suka tattake waɗannan hanyoyi? Manoma ne, da masu sassaƙar ƙafafun kujeru da suke aiki a cikin kurmi suna kai wa masana'antun High Wycombe. Akwai kuma wasu da labarinsu ya shafe mu kai tsaye. A kan tudun da yake kallon tsohon garin Amersham akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1931. An rubuta sunayen mutum bakwai da aka ƙone da wuta a farkon ƙarni na 16, shida daga cikinsu a 1521. Mabiyan koyarwar John Wycliffe ne, wanda ya rasu a 1384, ana kiransu Lollards. Babban abin da aka tuhume su da shi shi ne karanta Littafi Mai Tsarki da yin addu'a da Ingilishi, harshen da iyayensu mata suka koya musu, a lokacin da hukumomin ikkilisiya suka hana hakan sai da izini. Na farkonsu, William Tylsworth, 'yarsa ta cikinsa aka tilasta wa cinna wutar. Talakawa ne masu sana'ar hannu. Sukan taru a ɓoye a gidajen juna, wanda ya iya karatu ya karanta, sauran su haddace su kai wa wasu. Mun tsaya a wurin mun yi shiru, babu wanda ya iya fara addu'a da wuri.

A Chalfont St Giles, bayan majami'ar da aka gina da duwatsun ƙyastu da filin tsakiyar ƙauye, akwai wani ƙaramin gida na bulo da katako. A nan John Milton ya fake a 1665 sa'ad da annoba take kashe mutane a Landan. A lokacin ya riga ya makance, ɓangaren siyasar da ya bauta wa ya faɗi. Cikin wannan hali ya kammala doguwar waƙarsa Paradise Lost, a kan faɗuwar Adamu da Hauwa'u, yana faɗa ana rubuta masa. An buga ta a 1667. Wanda ya samo masa gidan tsohon ɗalibinsa ne, Thomas Ellwood, ɗan ƙungiyar Kweka.

Daga nan muka hau tudu ta cikin gonaki da kurmi, kamar mil biyu, zuwa Jordans. Akwai ɗakin sujada na 'yan Kweka da aka gina a 1688, bayan shekaru da aka yi ana ɗaure su saboda taruwa. Babu bagade, babu mumbari, bencina ne kawai. A waje akwai kabarin William Penn, wanda ya kafa Fensilbaniya a Amurka, ya rasu a 1718. Dutsen kabarinsa ƙarami ne, daidai da na waɗanda suke kwance kusa da shi.

'Yan'uwa, mu ma muna da turbar da wasu suka tattake mana. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru na Dokta Walter Miller da waɗanda suka taimaka masa. Kakanninmu a Wusasa da sauran wurare sun koyi karatu a kansa da fitilar aci-bal-bal. Yau yana cikin wayar kusan kowane ɗayanku, kyauta. Babu wanda ya tare mu a bakin shinge. Tambayar da muka dawo da ita ita ce ko ƙafafunmu suna bi. Mun san matasa a zumuntarmu da suka iya karanta Turanci tsaf, amma idan aka miƙa musu karatun Lahadi da Hausa sai su fara in'ina. Mun san gidajen da aka daina addu'ar safe tun da Baba ya rasu. Babu dokar da ta hana, sarƙaƙiya ce take tsirowa a hankali.

Ga abin da muke roƙonku. A wannan mako ku sami tsoho ɗaya ko tsohuwa a ikkilisiyarku wanda idonsa ya yi rauni, ku je gidansa da ƙafa, ku karanta masa sura ɗaya da Hausa, ku bar shi ya gyara muku inda kuka yi tuntuɓe. Mako mai zuwa ku sake komawa, ku tafi da wani.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin ƙafa da naciya. Amin.