Injin wanke-wanke mai tayoyi

A tsofaffin gidajen haya na Amurka da Kanada, har yau akan tarar da wani akwatin ƙarfe a kusurwar kicin, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, da tayoyi huɗu a ƙasa da shimfiɗar katako a sama. Da rana a kansa ake yanka albasa da nama. Sai an tashi daga cin abincin dare ainihin aikinsa yake bayyana: a buɗe shi a jera faranti da kofuna da cokula, a turo shi gaban bahon wanke-wanke, a zaro tiyo daga bayansa a maƙala a kan famfo, a sa wayarsa a soket, a murɗa maɓalli.

Injin wanke kwanuka ya daɗe a duniya. Wata mata mai suna Josephine Cochrane, mazauniyar garin Shelbyville a jihar Illinois, ta sami takardar mallakar fasaharsa a 1886, ta kuma nuna shi a babban baje kolin Chicago na 1893. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye. Bai shiga gidajen jama'a sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a nan aka ci karo da matsala: yawancin kicin an gina su ba tare da an bar masa gurbi ba. Kafa shi na dindindin sai an kira kafinta da mai gyaran famfo, an fasa nan an huda can, abin da ba kowane mai gida zai yarje wa ɗan haya ba. Shi ya sa kamfanoni suka sa masa tayoyi. General Electric ya fito da Mobile Maid a shekarun 1950, KitchenAid da Kenmore na kantin Sears su ma suka yi nasu. Wannan dabara tana burge ni matuƙa, domin ta tuna da wanda gidan ba nasa ba ne. Ranar tashi, sai ya tura abinsa cikin mota tare da katifa da kujeru.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a duba shi ne kan tiyon nan. Tiyo biyu ne aka haɗe bakinsu wuri ɗaya. Ana kwance 'yar rariyar da ke bakin famfo, a ɗaura wani ɗan ƙarfe a madadinta, sannan a ja zoben da ke kan tiyon ƙasa, a tura shi sama har ya kama. Ta sama ruwan zafi yake shiga injin, ta ƙasa kuma ruwan dauɗa yake fitowa ya zube cikin baho. Akwai ɗan maɓalli a gefe wanda ake dannawa a saki matsin ruwa bayan an rufe famfo, kafin a cire. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake wannan mataki, rigarsa za ta jiƙe. Muddin injin yana aiki kuwa, famfon kicin ya zama nasa, don haka masu shi sukan cika tulun shayi tukuna.

A ciki, ba a cika shi da ruwa kamar injin wanki. 'Yan litoci ne suke taruwa a ƙasa, sai injin tura ruwa ya riƙa watsa su sama, suna gangarowa yana sake watsawa. Na farkon, waɗanda murfinsu ke buɗewa ta sama, farfela ce a gindinsu take feshin. Na baya, masu ƙofa ta gaba, suna da hannu mai ƙananan huji da aka karkata, ƙarfin fitar ruwan ne kaɗai yake juya shi. Irin waɗannan akan sa musu dunƙulen kankare a ciki, don kada su kife idan an jawo ragar kwanuka waje. Babu na'urar da ke auna yawan datti. Agogo ne na ƙarfe yake juyawa a hankali, yana ba da umarnin shiga da wanki da zubarwa da ɗauraya, ko kwanuka sun yi maiƙo ko ba su yi ba.

To, yana wankewa kuwa? A zamaninsa yana wankewa fes, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ko da yake da ƙarar da takan hana hira. Ruwa yake sha ba ƙyashi, lita 40 zuwa 55 a wanki ɗaya, wato kusan jarka biyu irin ta mai ruwa, yana zubarwa yana ɗibar sabo sau da yawa. Tukunyar ɗumama ruwa ta gidajen wancan lokaci akan saita ta a wajen digiri 60, zafin da ke narkar da kitse nan take. Garin sabulunsa kuma yana ɗauke da sinadarin fosfet, wanda ke hana ma'adanan ruwa mannewa a jikin gilashi. Da yawa daga cikin injunan har 'yar wuƙa gare su a ƙasa mai niƙe guntun abinci.

Injin bai canja ba, amma abubuwan da yake dogaro da su sun canja. A 2010 jihohi da dama na Amurka suka taƙaita fosfet a sabulun wanke kwanuka, saboda idan ya kwarara cikin tafkuna yana haifar da gansakuka mai shaƙe kifi, kamfanoni kuma suka cire shi a ƙasar baki ɗaya. Hukunci ne mai kyau, ina kuma goyon bayansa. Sabulun yau ya dogara da sinadarai masu narkar da abinci sannu a hankali, an yi shi ne don sababbin injuna masu shan kimanin lita 13 suna ɗaukar awa biyu ko fiye. Tsohon inji yakan zubar da ruwan kafin sabulun ya gama aikinsa. Ga shi kuma yanzu gidaje da yawa sun rage zafin ruwansu zuwa digiri 49 don kada yara su ƙone. Sai mutum ya buɗe ya ga kofuna da farin hazo, ya ce injin ya tsufa, alhali ba a ba shi abin da aka ƙera shi da shi ba ne.

Masu riƙe da irinsa sun san yadda suke lallaɓa shi. Sukan bar famfo ya zuba har ruwan ya yi zafi sosai kafin su maƙala tiyo, domin in ba haka ba ruwan sanyin da ya kwana a bututu ne zai fara shiga. Sukan sa tsinke su tsokale hujin hannun feshi idan ƙwayar tumatir ta toshe shi. A masu farfela, ba a kifa babbar tukunya a ƙasa, don za ta tare ruwan da zai kai ga kofunan sama. Shinkafar da ta kama gindin tukunya ta zama ƙanzo kuwa, wannan sai jiƙo da hannu, tsohon inji ko sabo.

Abin da ya fi kashe su ba ƙarfen ba ne, roba ce. Robar bakin ƙofa ta bushe ta fara yoyo, tiyo ya tsage, rufin ragar kwanuka ya ɓare tsatsa ta kama. Kamfanonin sun daina ƙera kayan gyaran da yawa daga cikinsu, shi ya sa masu sha'awarsu sukan sayi matacce guda su ajiye a gareji, suna ciro masa sassa ɗaya bayan ɗaya.