Harafi Ɗaya a Jinin Ƙanena

A wani ƙauye da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa aka haife ni, inda sanyin hunturu yake saukowa daga dajin Falgore tun magariba. Sauran yara murna suke yi da hunturu saboda jin ɗumi da gasa dankali, amma a gidanmu da fargaba ake tarbarsa, domin da zarar iska ta juya, ƙanena zai kwanta yana ihu, yana cewa ana sara masa ƙasusuwa. Babu inda Inna ba ta kai shi ba. An ce mayu ne, an ce iska ce, an sha rubutu, an yi turare, har wajen wani mai magani a ƙasar Bebeji aka kwana da shi. Daga bisani aka auna jininsa a asibiti, aka ce amosanin jini ne, watau sikila. Mun sami sunan cutar, amma babu wanda ya gaya mana yadda take.

Sai da na zo jami'a na sami bayanin, daga bakin abokin kwanana mai karatun kimiyyar sinadaran jiki. Wata rana ya tarar ina fama da aikin da aka ba mu a kan tagwayen kalmomi, irin su baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Ya duba takardar ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai ciwon ƙanenka ke nan ka rubuta." Na ɗauka ba'a yake yi, ashe da gaske yake.

Ga abin da na fahimta. Yawancin ayyukan jikin ɗan Adam furotin ne yake yin su, shi kuwa furotin sarƙa ce da aka jera da wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Iri 20 ne ake gini da su, kamar yadda haruffa ƙalilan suke ba mu kalmomi ba iyaka. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su, dole sai daga abinci. Masarar da ƙasarmu ta Doguwa ta yi suna da ita tana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna layisin, wake kuwa yana da shi, saboda haka mai haɗa tuwon masara da miyar wake ya yi dabara ko bai sani ba. Kowane amino asid yana kama na gabansa, wurin haɗuwar kuma ƙwayar ruwa guda takan fita. Doguwar sarƙar da aka samu ita masana suke kira folifeftayid. Jerin shi ne ma'ana, kamar yadda rama da mara haruffansu ɗaya amma kowace da inda ta dosa.

To, wa yake tsara jerin? A cikin kowace ƙwayar halitta akwai kundin gado da ake kira DNA, rubutacce da haruffa huɗu kacal. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ya dace, a aika da kwafin wurin wata 'yar masaƙa mai suna ribosom. Ita kuwa haruffa uku-uku take karantawa, kowane uku suna nufin amino asid guda. Akwai 'yan aike masu ɗauko wanda aka ambata su kawo, ribosom ta ɗaura shi a bakin sarƙar, ta matsa gaba, har ta iso alamar tsayawa. Sa'an nan sarƙar ta naɗe kanta ta ɗauki siffar da za ta yi aiki da ita. A 1961 ne Marshall Nirenberg da abokin aikinsa suka fara karanta kalma ta farko a wannan rubutu, a Amurka.

Furotin da yake ɗaukar iska a cikin jan jini, watau himogulobin, yana da sarƙoƙi huɗu, biyu daga ciki kowace tana da amino asid 146. A Kambirij ta Ingila, tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram ya gano cewa bambancin jinin mai sikila da na mai lafiya a gurbi guda yake: inda gulutamik asid ya kamata ya zauna, a gurbi na shida, sai balin ya zauna. Asalin wannan kuwa harafi ɗaya ne ya sauya a kundin gado. Idan iska ta yi ƙaranci, sai furotin ɗin ya riƙa mannewa da juna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Wannan shi ne saran da ƙanena yake ji. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, tasa kuwa da ƙyar take wuce kwana 20. A daren da na ji wannan ban yi barci ba. Na tuna tsohuwar da aka daina gaisarwa a unguwarmu saboda an ce ita ta kama kurwarsa.

Na tambayi abokina ko mutum yana iya yin wannan saƙa da hannunsa. Ya ce yana iyawa, amma da wahala. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa sinadarin da yake tsananta naƙuda, mai amino asid tara. A 1963 kuma Bruce Merrifield ya fito da dabarar da ta ba shi kyautar Nobel a 1984. Da ya bayyana mini ita sai na tuna kakana yana tufkar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa domin kada ta kuɓuce. Haka Merrifield yake ɗaure amino asid na farko a jikin wani ɗan ƙwallon roba, ya toshe bakin kowane sabo domin kada ya kama inda ba a so, ya ɗaura shi, ya wanke ragowar, ya buɗe bakin, ya ɗauko na gaba. Dogayen sarƙoƙi kuwa an fi barin ƙwayoyin halitta su yi. Tun 1982 ake sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda ƙwayoyin bakteriya suka saƙa bayan an dasa musu umarnin.

Abin da ya dame ni shi ne, shekaru Inna tana jinyar ɗanta, ba ta taɓa jin wannan bayani da harshenta ba. Da na koma hutu na zauna na yi mata shi da misalin baki da baƙi, nan take ta gane. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe mun ɗauki alhakin baiwar Allah." Washegari ta aika wa tsohuwar nan da ƙwaryar masara. Ina ganin wannan aiki ne da ya rataya a wuyanmu, mu 'yan Sashen Hausa: mu zauna da masana kimiyya mu daidaita kalmomin da za su kai irin wannan ilimi zauruka da tsakar gidaje.

Ni ma na je an auna ni, an ce AS nake, watau ina ɗauke da harafin daga ɓangare guda. Idan na auri mai irinsa, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon ƙanena. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jini, amma ba na so sai an sa rana mu ji sakamako. Akwai yarinyar da nake nema a ƙasar Kiru, shekara biyu ke nan. Na yi niyya idan an yi hutun nan in sauka a Kwanar Dangora in gaya mata abin da na gaya wa Inna, in roƙe ta ta je a auna ta. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.