Daren da Muka Kashe Waya

Wata ranar Asabar cikin hunturu, mun dawo ke nan daga gonarmu ta noman rani a gefen ruwan Bakolori, sai wani saƙo ya shigo wayarmu. Wai daga hukumar NASA ta Amurka ya fito. Aka ce a daren nan, daga sha biyu da rabi zuwa uku da rabi, wani mugun tartsatsi daga sararin sama zai ratsa kusa da duniya, duk wanda ya kwana da waya a kunne zai cutu. Daga ƙarshe aka ce, in kana ƙaunar 'yan'uwanka ka aika musu.

Mu kuwa ba mu tsaya tambaya ba. Muka aika wa iyayen yaran makarantarmu, da dattawan ikilisiya, har da maƙwabtanmu Musulmi na nan Dosara. Tun da yake daga hannun Malam ya fito, ba wanda ya yi musu. Muka kashe tamu, muka sa ta cikin kwalla, muka rufe.

A daren nan ne naƙuda ta kama matar wani ɗan'uwa da ke zaune a bayan gari, ta zo mata da gardama. Ya kira mai mota, waya a kashe. Ya kira mu, a kashe. Dole ya fito da ƙafa cikin duhu, kun kuwa san yadda dare ya zama a ƙasarmu cikin shekarun nan. Ba su isa asibiti a Talata Mafara ba sai da gari ya waye. Ubangiji ya yi jinƙai, uwa da ɗa suka rayu, amma da ƙyar. Sa'ad da muka je barka ya dube mu ya ce, "Malam, sau bakwai na kira ka." Muka rasa bakin magana.

Da hutun Kirsimeti wani tsohon ɗalibinmu da ke karatun kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zo gaishe mu. Muka nuna masa saƙon. Ya ce, "Malam, gafarta mini. Wannan saƙo ya yi shekaru yana yawo, ba kuwa daga NASA ya fito ba. Tartsatsin dai akwai shi, amma ba ya jiran sha biyu da rabi. Buɗe tafin hannunka." Muka buɗe. Ya ce, "Kusan kowane daƙiƙa ɗaya, ƙwaya guda tana ratsa tafin nan ta wuce cikin ƙasa. Tun ranar da aka haife ka haka ake yi."

Ga abin da muka koya, daga bakinsa da kuma littafin da ya bar mana. Daga rana da wurare masu nisa cikin sararin sama waɗansu ƙananan ƙwayoyi suna tahowa da gudu na ban mamaki. In sun bugi iskar da ta lulluɓe duniya, can wajen kilomita 15 bisa kanmu, sai su tarwatse su haifi waɗansu. Cikin waɗannan akwai wadda ake kira muwon, ita ce take isowa ƙasa da yawa. Rufin kwano ba ya tare ta, soro ma haka. A fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, wajen 10,000 suke sauka kowane minti, dare da rana, da damina da rani. Ba ruwansu da waya, a kunne take ko a kashe.

To, abin da ido ba ya gani, yaya aka san adadinsa? Da awo da haƙuri. A 1910 wani limamin Katolika Bajamushe, Theodor Wulf, ya hau hasumiyar Eiffel a Faransa da ma'aunin da ya ƙera, ya ga awon bai ragu kamar yadda aka zata ba in da daga ƙasa kaɗai abin yake fitowa. A 1912 Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya shiga kwandon balan-balan ya tashi sama da mita 5,000, ya tarar awon sai ƙaruwa yake yi. Ashe daga sama abin yake zuwa. A 1936 aka ba shi kyautar Nobel, a shekaran nan kuma Carl Anderson da Seth Neddermeyer suka gano muwon ɗin kanta a Amurka.

Yaron ya zana mana ma'aunin yau a ƙasa da tsinke. Faifai biyu ne na wata irin roba, ɗaya bisa ɗaya, cikin akwati mai duhu. In muwon ta ratsa faifai sai ya yi ɗan walƙiya, na'ura ta gani. Amma ba a ƙirgawa sai faifan biyu sun yi walƙiya lokaci guda, gama ɗaya kaɗai yana iya ruɗi. Da muka ji haka muka ce, "Ɗana, ai shaidu biyu ke nan." Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, Malam." Mu kuwa cikinmu ya ɗuri ruwa, gama saƙon da muka yaɗa ba shi da ko shaida ɗaya.

Akwai wani abin al'ajabi kuma. Ran muwon gajere ne ƙwarai. In aka raba daƙiƙa ɗaya kashi miliyan, kashi biyu da ɗan ɗoriya take yi ta mutu. Bisa lissafi, ko da gudun haske take yi ba za ta wuce mita 660 ba. Yaya take cin kilomita 15? Tun 1905 Albert Einstein ya ce abin da ke gudu kusa da gudun haske, lokacinsa yana tafiya a hankali. Waɗansu masana biyu, Frisch da Smith, suka gwada, suka buga sakamakon a 1963. A kan Dutsen Washington a Amurka sun ƙirga wajen 560 cikin awa ɗaya. Da ba don jinkirin lokaci ba, da waɗanda za su iso ƙasa ba su kai 30 ba, amma suka ƙirga fiye da 400. Har amfani ake yi da su: a 2017, ta wurin ƙirga muwon da ke ratsa duwatsu, aka gano wani babban kogo cikin dalar Fir'auna Khufu a Masar, ba a fasa ko dutse ɗaya ba.

Ran Lahadi ta gaba muka tashi a gaban jama'a bayan sujada muka roƙi gafara. Abin da nauyi ga malami, amma wanda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ya kamata ya gyara. Ran Litinin kuma muka fito da yara filin makaranta, kowa ya buɗe tafinsa, muka ƙirga daga ɗaya zuwa sittin. Wata yarinya ta ce, "Malam, ban ji komai ba." Muka ce, haka kakanninki ma ba su ji ba, suka yi noma suka tsufa. Allahn da ya yi taurari shi ya shimfiɗa mana iska kamar bargo, tana tare mafi yawan tartsatsin tun daga can sama.

'Yan'uwa cikin Kristi, ƙauna ce ta sa muka aika saƙon nan, amma ƙaunar da ba ta bincike ta kusa jawo mana makoki. Hess ya hau sama da kansa kafin ya buɗe baki, mu ko tambaya ɗaya ba mu yi ba. In saƙo mai ban tsoro ya shigo muku, ku tambaya wa ya gani, wa ya auna, ina shaida ta biyu. In babu, ku bar shi ya mutu a hannunku. Ku karanta Fitowa 20:16 da 1 Tasalonikawa 5:21 tare da iyalinku cikin addu'ar yamma. Sa'an nan ku bar waya a kunne kusa da kai, gama wataƙila maƙwabci ne zai kira.