Garkar Rumman

Har yanzu idan na tuna ƙarar jigo, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke biyo baya, sai in hango wani yaro mai faso a dunduniya tsaye bakin rijiya a garkarmu ta Horo Birni, yana kokawa da gugar da ta fi ƙarfinsa. Wai ni ne.

Kowa a fadama albasa yake yi da tattasai, kakana kuwa ya kafe a kan rumman. Rassa ya samo a wani gida cikin birnin Sakkwato, ya naɗo su a jiƙaƙƙen tsumma, ya dasa, ya yi musu shingen ƙaya saboda awaki, ya jira shekara 3 kafin ya ga ɗan fari. Furen ja ne wur, kamar garwashi a cikin ganye. Idan 'ya'yan sun nuna mukan shimfiɗa ciyawa a mangala, mu jera su ɗaya bayan ɗaya, mu kora jaki zuwa bakin titin Shagari, inda motocin Jega da Sakkwato ke tsayawa. Malamai ne suka fi saye, don Alƙur'ani ya ambace shi. Tsofaffin mata kuma ɓawon suke roƙa, su shanya, maganin gudawar jikoki.

A 1973, shekarar da naira ta zo muna ta lissafi da sule da sisi, ruwan rijiyar ya ja baya. Kakana ya tafi ta'aziyya Boɗinga ya bar mini ban ruwa, ni kuwa langa ta ɗauke mini hankali kwana da kwanaki. Da na ji yana hanya, tsoro ya sa na kwana ina kwarara wa itatuwan ruwa har fangali ya cika ya batse. Ban san rumman mai ƙishi ba ya son a cika masa ciki lokaci guda ba. Kwana biyu rumman ɗin suka dare, jajayen 'ya'yan a waje, tsuntsaye na shagali.

Da kakana ya dawo, bai ɗaga murya ba. Ya tsinko guda, ya ɓare a kan faifai, ya miƙo mini rabi.

"Aboki, sha. Wannan ba ta zuwa kasuwa."

Tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, da ɗan bauri a ƙarshe. Ina sha ina hawaye, shi kuwa yana ɗaure igiyar jigo da ta tsinke.