Rumfar Aro a Kasuwar Magana

Sau da yawa ɗalibai kan tare mu bayan darasi a nan Gwagwalada, su tambaye mu abin da ya sa ba sa ganin sunanmu a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a shekarar 2023. Wasu na zaton ƙauyanci ne, wasu kuwa tsoro. To, ga hanzarinmu.

Da farko dai, nazarin adabi ya koya mana cewa duk gajartar karin magana ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai an san mai faɗa da wanda ake faɗa wa da kuma muhallin zancen. Shi kuwa wannan dandali, da ya faro a 2006 da ƙa'idar haruffa 140, gajarta yake so, ba ruwansa da muhalli. Mun taɓa jarrabawa. Muka yi wa wani amininmu Bazazzagi ba'a irin wadda Kanawa suka gada kaka da kakanni. Kafin magariba, waɗanda ba su san wasan ba sun mayar da ita zagin gari guda, har amininmu ya shiga ba da haƙuri a madadinmu. Muka goge, amma ina! Magana zarar bunu ce.

Na biyu, rumfar ta aro ce. Ranar 4 ga Yuni 2021, daga nan Abuja, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, bayan kwana 222, kodayake daga bisani kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. Idan kamfani zai iya goge maganar shugaban ƙasa, gwamnati kuma ta rufe kasuwar ɗungurungum, ina ga rubutun malamin jami'a?

Sai dai ba ma musun cewa ƙauracewar tana da nata hasarar. Can ɗalibanmu ke muhawara, can ake murƙushe ƙa'idojin rubutun Hausa, mu kuwa ba mu nan balle mu gyara. Wannan kan dame mu matuƙa. Duk da haka, mun gwammace mu yi magana inda za a bar mu mu kai aya, kamar a waɗannan shafuka. Mai son jin ta bakinmu, ƙofar ofishinmu a buɗe take.