Ranar da Filin Ƙwallonmu Ya Zama Tafki

Ranar da na isa Tsafe a dogon hutun da ya wuce, na tarar da ƙanena zaune a bakin zaure ya rungume ƙwallo, fuska a murtuke. An kwana ana ruwa, irin markar nan ta watan Agusta, filin da ƙungiyar unguwarsu za ta buga wasan kusa da na ƙarshe ya cika maƙil. "Yaya, karo na uku ke nan ana ɗage wasan nan," in ji shi. Muka taka na gani da idona. Turakun raga suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, agwagi suna iyo daidai inda mai tsaron gida yake tsayawa.

Dariya ta kusa ƙwace mini, domin a zangon da ya wuce malaminmu na labarin ƙasa a jami'a ya nuna mana hotuna irin wannan sak, sai dai nasa na filayen ƙwallon lambu ne, wasan da ake kira golf. Ƙila wasunku ba su taɓa ganinsa ba. Ƙaramar ƙwallo ce fara ake bugawa da sanda har ta faɗa rami, cikakken fili kuma yana da ramuka 18. Akwai filinsa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Wasan yana cin fili ƙwarai, shi ya sa a Turai da Amurka da yawa daga filayensa suke a bakin koguna, a kwarin da bai dace da gina gidaje ba. Da an yi ruwa mai ƙarfi kogi ya tumbatsa, sai filin ya nutse, a rufe shi kwana da kwanaki, baɗi ma a sake. Ashe masu kuɗin can da ƙanena ciwonsu ɗaya.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Babban filin ƙwallon ƙafa yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 357,000 ke nan ta sauka a kansa, jarka 14,280 mai cin lita 25. Wannan fa wanda ya faɗo daga sama kai tsaye ne, ba a haɗa da wanda ya gangaro daga unguwa ba. To ina duk wannan ruwa zai je?

Kwana biyu bayan haka na hau mota zuwa Gusau, da hantsi, tunda yanzu kowa ya san ba a bin hanyar nan da yamma. Da muka zo Kwatarkwashi, na ga ruwa yana silalowa ta jikin dutsen, ya bar layi-layi masu sheƙi. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa sai ya gangara gindinsa. Nan na gane filin Tsafe. Kwanon rufi da daɓen siminti da kwalta duk 'yan uwan dutse ne a wajen ruwa. Kowane sabon gida da aka gina kewaye da filin ya rage ƙasar da take shan ruwa, ya ƙara wanda yake kwarara zuwa wurin da ya fi kwari. Ga kuma ƙafafun 'yan wasa da suka yi shekaru suna tattake ƙasar har ta daskare.

A Gusau na sauka gidan gwaggona. Bayan gidan akwai filin wata makaranta, shi ma ya kwana uku da ruwa. Na bi lambatun da ya kamata ya kwashe ruwan har zuwa kwalbati, na tarar bakinsa a toshe da ledar ruwa da robobin lemo da yashi. Ruwan ya fara wari, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Sauro ba ya buƙatar fiye da mako ɗaya zuwa biyu daga ƙwai ya zama mai cizo, don haka ruwan da ya daɗe a filin makaranta zazzaɓi ne yake jiran unguwa.

Sai dai Gwaggo ta ce wani abu da ya tsaya mini a rai. "Ɗan nan, ba don filin nan ba, ai a tsakar gidanmu ruwan zai kwana." Mutanen Gusau sun san ruwa. Garin yana bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, kuma manya ba su manta da ƙarshen watan Satumba na 2006 ba, lokacin da madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan mamakon ruwa, gidaje masu yawa suka rushe. Tun daga ranar da Gwaggo ta faɗi haka na daina kallon filin da ya cika a matsayin asara kawai. Waɗancan dubban jarkoki da ya riƙe, da ɗakunan mutane za su shiga.

Washegari na wuce Bungudu, tafiya kaɗan daga Gusau a kan hanyar Sakkwato. A bayan gari na ga abin mamaki: an yi ruwa da asuba, amma da la'asar yara suna buga ƙwallo a wani fili, ƙasa ta tsane sarai. Na gaida wani dattijo da yake cirar ciyawa a gonarsa, na tambaye shi dalili. Ya ɗebo ƙasar ya zuba mini a hannu. "Jigawa ta, yaro. Rairayi ba ya riƙon ruwa." Ya nuna mini gangare wajen gulbi, inda shinkafa ta yi kore shar. "Can kuwa laka ta, fadama. Kowa ya san wurin ruwa na. Mu da muna yara ba mu kafa raga can."

Abin da dattijon nan ya faɗa shi ne sirrin tsohon filin golf na St Andrews a Sikotland, wanda ya yi suna a duniya: a kan rairayin bakin teku yake, ruwa yana wucewa ƙasa da sauri. Inda babu rairayi, masu gina filayen suna kawo nasu. Sukan shimfiɗa bututu masu huda-huda a ƙasa, su zuba tsakuwa, su bi da yashi, sannan su dasa ciyawa. A ƙasashe masu zafi, ciyawar da suka fi dasawa dangin kiri-kirin nan ce da muke nomewa a gona.

Wasu kuma sun daina faɗa da ruwan, sun ba shi masauki. A birnin Yokohama na Japan, filin da Brazil ta ci Jamus 2-0 a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2002 an ɗora shi ne a kan ginshiƙai, a cikin kwarin da aka ware don Kogin Tsurumi ya riƙa zubar da rarar ruwansa. A Oktoban 2019 guguwar Hagibis ta zo da ruwa mai yawa, kwarin ya cika, amma washegari aka buga wasan zari-ruga tsakanin Japan da Sikotland a filin.

Mu ba mu da kuɗin ginshiƙai, amma muna da shebur da yawan hannu. In an yi ruwa, ku zagaya filin makarantarku ku zana inda ruwa yake shigowa, inda yake kwanciya, da inda ya kamata ya fita. Ku kai wa malaminku zanen, ku nemi ranar gayya a yashe lambatu kafin damina ta kankama. A cike ramuka da yashi, a bar kiri-kiri ya kama gefen fili, a dasa jema a inda zaizaya take ci. Kada kowa ya shiga wanka a filin da ya cika, domin ƙarƙashinsa akwai ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, akwai fasassun kwalabe. In kuma kun ji ana maganar yanka filin a sayar fuloti-fuloti, ku gaya wa iyayenku da mai unguwa lissafin jarkokin nan, ku tambaye su gidan wa za su shiga.

Da na koma Tsafe, na tarar ƙanena da abokansa sun ari shebur biyar da baro biyu sun buɗe bakin kwalbatin da ke kudu da filinsu. Ruwan da aka yi daren Alhamis ya janye kafin azahar ɗin Juma'a. Ranar Asabar aka buga wasan, aka ci su ɗaya da nema, ya dawo gida duk jikinsa taɓo, yana ta ɗora wa alƙalin wasa laifi.