Hucin dodo: dayis nawa za ka jefa wa 'yan wasanka?

1/ Jama'a, zaren yau na 'yan wasan tebur ne, amma ko ba ka taɓa yi ba ka tsaya, lissafin ba shi da wuya. Tambayar ita ce: in dodo ya buɗe baki ya yi wa 'yan wasa huci, ɓarnar nawa ya kamata ya yi? Amsata a taƙaice: ka auna hucin da jinin wanda ya fi kowa rauni a teburinka, tun kafin a zauna. 🧵

2/ Ga wanda bai san wasan ba: sunansa Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa yana riƙe da gwarzonsa a takarda. Ka faɗi abin da gwarzonka zai yi, a jefa dayis, a ga ko ya yi nasara. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ce.

3/ Mu biyar ne a nan Shanga, duk Asabar bayan la'asar. Ni ke ba da labari. Akwai ƙanina, da 'yar yayata, da abokaina biyu, ɗayansu daga Yelwa yake hawo mashin don wasan kawai. Ƙa'idojin farko kyauta suke a intanet. Dayis mai fuska shida na lido muke ara, mai fuska ashirin kuwa a waya muke jefawa.

4/ Kalmomi biyu kafin mu shiga. "Jini" shi ne lambar ran gwarzo, kamar a gem ɗin waya, in ya kai sifili ya faɗi. In kuma kun ga 5d6, ana nufin a jefa dayis biyar masu fuska shida a haɗa. Kowane dayis matsakaicinsa 3.5 ne. To 5d6 yawanci wajen 17 ko 18 yake bayarwa, ƙarancinsa 5, ƙarshensa 30.

5/ Me ya sa huci ya fi cizo haɗari? Cizo mutum ɗaya yake samu, kuma yana iya kuskurewa. Huci yana bazuwa ne kamar mazurari, duk wanda ke gaban dodon sai ya sha. Kowa zai yi jifar kaucewa, amma ko ka ci jifar, rabin ɓarnar na nan a kanka. Ba wanda ke fita salin alin.

6/ Ga lambobin jan diragon mai feshin wuta a Monster Manual na 2014:
Jariri: 7d6, matsakaici 24
Matashi: 16d6, matsakaici 56
Babba: 18d6, matsakaici 63
Tsoho tukuf: 26d6, matsakaici 91
Kun ga da girman dodon lambar ke tafiya. Littafin bai san su wa ke zaune a tabarmarka ba.

7/ Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A labarin Lost Mine of Phandelver, wanda aka yi wa sababbin shiga a 2014, akwai wani koren diragon mai suna Venomfang, hucinsa na guba 12d6, wato wajen 42. Gwarazan da ke isa wurinsa galibi jininsu bai kai haka ba. In suka tsaya faɗa a dunƙule, huci ɗaya ya isa ya kwantar da su duka.

8/ Mu dai labarinmu a tafkin Kainji na dasa shi. An gama madatsar a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Sai na ƙago cewa wata ƙatuwar kififiya ta tare a kangon wani gari da ke ƙarƙashin ruwan, tana hana masunta zuba taru.

9/ Na duba littafin na samu wadda ta dace: dodon kififiya mai hucin tururi. Jininta 341, hucinta 15d6, matsakaici 52, yana kai ƙafa 60. Littafin ma ya ce nutsewa cikin ruwa ba ya kare ka daga tururin. Sifarta ta yi min daidai da labarina. Lambobinta kuwa na gwarazan da suka yi nisa ne ƙwarai.

10/ Nawa 'yan wasan suna mataki na uku. Ga jininsu:
Mayaƙin ƙanina: 28
Mai maganin abokina na Yelwa: 24
Ɗan leƙen asirin ɗaya abokin: 21
Mai siddabarun 'yar yayata: 17
Ku riƙe 17 ɗin nan, a kanta komai zai rataya.

11/ Akwai wata ƙa'ida da mutane ke mantawa. In jininka ya kai sifili, suma ka yi, ana iya ceto ka. Amma in ragowar dukan ya kai cikakken jininka, mutuwa ce nan take, ba jifa ba magani. Mai jini 17, duka na 34 ya gama da ita. Mai 21, sai 42. Mai 24, sai 48. Mai 28, sai 56.

12/ To ku ɗora 52 a kan wannan. In duk suka faɗi jifar kaucewa: uku sun mutu murus, mayaƙi ya suma. In duk suka ci jifar, rabi 26 ne: uku sun suma, mayaƙi ya rage da jini 2. Wato ko sa'a ta zo musu gaba ɗaya, faɗan ya ƙare a zagayen farko, kafin wani ya ɗaga mashi.

13/ Ga wani abin da ya shafe mu mutanen bakin ruwa. Dungeon Master's Guide na 2014, in yana auna ƙarfin dodo, yana ɗauka huci mutum biyu zai samu. A fili ko cikin kogo, haka ne, ana warwatsewa. A kwale-kwale fa? Ina za ka je? Mutum huɗu a jere kamar kifi a tire. Ɓarnar da littafi ya lissafa ta ninka biyu.

14/ Da na gaya wa abokina na Yelwa zan rage hucin, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Mutumina, in ka fara tausaya mana wasan ya lalace. Dodo dodo ne. Wanda ya shiga ruwansa ya shirya mutuwa." Kuma yana da gaskiyarsa. In 'yan wasa suka gane ba za su taɓa mutuwa ba, tsoro ya tafi, nasara kuma ta zama ta banza.

15/ Abin da na ce masa: mutuwar da ke da daɗin labari ita ce wadda ɗan wasa zai waiwaya ya ce "da na yi kaza da na tsira". A 15d6 babu "da na yi". 'Yar yayata ta yi sati uku tana rubuta tarihin mai siddabarunta a littafin makaranta, har da sunan kakarta. A goge wannan da jifa ɗaya kafin ta yi magana?

16/ Kuma mu nan mutuwa a ruwa ba tatsuniya ba ce. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a Ngaski, mutane da yawa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ke teburina ya san wannan labarin. In zan sa gwarazansu a kwale-kwale, dole in ba su hanyar ceton juna. Abin da suka zo nema a wasan ke nan.

17/ To ga yadda na auna. Mataki na ɗaya: haɗa jinin kowa ka raba. 28 da 24 da 21 da 17 sun ba da 90, a raba huɗu, 22.5. Ina son huci ya cinye wajen biyu bisa uku zuwa uku bisa huɗu na wannan. 4d6 yana ba da 14, 5d6 yana ba da 17.5. Tunda ita ce babbar dodon labarin, na ɗauki 5d6.

18/ Mataki na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: duba ƙarshen jifar, ka gwada da ninkin jinin mafi rauni. Ƙarshen 5d6 shi ne 30, bai kai 34 ba. Ke nan in mai siddabaru tana da cikakken jini, huci ɗaya ba zai kashe ta nan take ba. Da 6d6 na ɗauka, ƙarshensa 36, ƙofar ta buɗe ko da 'yar kaɗan ce.

19/ Kada ku ce na mayar da dodon ɗan tsako. In ta faɗi jifar kaucewa, sau shida cikin goma 5d6 zai kai 17 ko fiye, ta suma. In kuma ta riga ta ji rauni, a ce jininta ya rage 5, duka na 22 zai kashe ta murus, kuma wannan yana fitowa wajen sau 15 cikin 100. Mutuwa na nan. Sai dai ba ta zuwa sai an yi ganganci ko faɗa ya yi nisa.

20/ Mataki na uku: sau nawa za ta yi hucin? A ƙa'idar yanzu, duk zagaye ana jefa dayis ɗaya, in 5 ko 6 ya fito huci ya dawo. Sau ɗaya cikin uku ke nan. A cikin zagaye uku, damar ya dawo aƙalla sau ɗaya ta kai 70 cikin 100. Don haka ka yi lissafinka a kan huci biyu, kada ka tsaya a ɗaya.

21/ A nan na ari dabarar tsofaffi. A bugun Basic na 1981 da Tom Moldvay ya tsara, hucin diragon daidai yake da jinin da ya rage masa, kuma sau uku kacal a rana. In ka raunata shi, wutarsa ta ragu. Wannan ƙa'idar tana sa kowane sara ya yi amfani, ko na wanda bai da ƙarfi.

22/ Sai na ba kififiyata jini 90, na raba uku. Daga 90 zuwa 61, huci 5d6. Daga 60 zuwa 31, 4d6. Daga 30 zuwa ƙasa, 3d6. Kuma na gaya musu wannan ta cikin labari: wani tsohon basarke ya ce musu in ta ji ciwo tururinta yana sanyi. Ƙanina na jin haka ya ce, "Yaya, to mu fara kai mata kafin ta shirya."

23/ Mataki na huɗu: gargaɗi. In dayis ya nuna huci ya dawo, ba na sakinsa nan take. Sai in ce ruwan gefen jirgi ya fara tafasa, kifaye na tasowa ciki sama, ta ja wuyanta cikin ƙoƙo. Suna da zagaye ɗaya. Wanda ya ɓuya bayan wani abu, ina ba shi damar jefa dayis biyu ya ɗauki mafi kyau.

24/ Ranar faɗan, da na ce ruwa na tafasa, 'yar yayata ta ce, "Kawu, ƙaramin jirgin da muka ɗauro a baya yana nan?" Na ce yana nan. Ta yi tsalle ciki da ɗan leƙen asiri, suka yanke igiya. Huci ya samu mutum biyu maimakon huɗu. Dayis suka ba da 19. Mayaƙi ya kauce ya sha 9, mai magani ya sha duka, ya rage da 5.

25/ Huci na biyu ya zo bayan sun sauke ta ƙasa da 60, dayis huɗu, 13. Mai magani ya suma ya faɗa ruwa. Wanda ya ce kada a tausaya musu shi ne ya miƙe tsaye yana cewa, "Ku ciro ni mana!" Ƙanina ya bar sara ya yi nutso ya jawo shi, mai siddabaru ta tsare dodon ita kaɗai zagaye guda da jini 17.

26/ Abu ɗaya da nake riƙewa da ƙarfi: duk gyaran nan kafin wasa ake yinsa, a rubuta a takarda. In an zauna, a fili nake jefa dayis, kowa na gani. Mai ba da labarin da ke ɓoye jifa yana rage lamba in ya ga za a mutu, wata rana za a gane, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara yarda da nasararsa.

27/ In gwarazan suka ƙara mataki fa? Kowane mataki yana ƙara musu jini wajen 6 ko 7, dayis ɗaya kuwa 3.5 ne, to ƙara dayis ɗaya duk mataki yana tafiya daidai a matakan farko. A mataki na biyar jininsu zai zama 44, 38, 33, 27. Huci 7d6, matsakaici 24.5, ƙarshensa 42, bai kai 54 ba. Amma kullum ka sake duba lissafin.

28/ Akwai lokacin da za ka bar lambar littafi yadda take: in kana so su gudu. Amma sai ka nuna musu tukuna. Su ga tururin ya narkar da wani jirgin da ba kowa a ciki, ko su tarar da gaɓar da ciyawarta ta dahu. In sun ga haka suka ce sai sun yi faɗa, to sun zaɓa, dayis ya yi aikinsa.

29/ A taƙaice ga mai son ajiyewa:
Matsakaicin huci, wajen biyu bisa uku zuwa uku bisa huɗu na matsakaicin jininsu.
Ƙarshen jifa kada ya kai ninkin jinin mafi rauni.
Ƙidaya mutum nawa wurin zai tilasta su sha.
Lissafa huci biyu.
Ba da gargaɗin zagaye ɗaya.
Jefa a fili.

30/ In kuna da tebur a Yauri, Birnin Kebbi, Kontagora ko ma ina, ku ajiye min jinin gwarazanku da dodon da kuke shirin saka musu a ƙasan zaren nan, mu yi lissafin tare. Dayis biyar na lido sun isa a fara. Sai dai ku mayar wa masu lidon kayansu kafin magariba, kada a hana ku aro gobe. 😅